Wa Ya Ba Ku Lu'ulu'u Kyauta?

Ya ku ɗalibaina, ni ba na cikin masu cewa a raba ku da wasan waya ɗungum. Lokacin hutu kowa ya sha iska. Abin da ke damuna shi ne inda kuke samo wasan.

Mu ɗauki Free Fire, wanda kamfanin Garena ya fitar a 2017. A 2021 aka ƙaro Free Fire MAX, mai kyan hoto amma mai cin wuri. In wayar ƙarama ce, na farkon ya ishe ku. Dukansu suna Play Store da sunan Garena a ƙasa. Ku karanta sunan nan kafin ku danna.

Akwai kuma na uku, wanda aboki ke turowa ta Xender, wai an buɗe lu'ulu'u kyauta. To, lissafin lu'ulu'un nan a kwamfutocin kamfani yake, ba a wayarku ba. Abin da ya faru, wani ne ya kwance wasan, ya cusa abin da ya ga dama, ya mayar. Shi ya sa za ku ga yana neman izinin karanta saƙonni. Ina ruwan wasan harbi da saƙon tes? Ai nan banki ke turo lambar sirri. Wayar kuwa, mu faɗi gaskiya, yawanci ta Mama ce, kuma kuɗin makarantarku na zango mai zuwa ta nan zai bi.

In Play Protect ya yi gargaɗi, kada ku tsallake. Ku goge fayil ɗin, ku nuna wa mai wayar.