Daga Ikko zuwa Kano da yarinya a cinya



Abin da ya sa na yi wannan rubutu wata hira ce da muka yi a majalisarmu ta Agege bayan sallar Isha'i. Wani ƙaninmu zai kai iyalinsa gida, kuma karo na farko ke nan da za su hau jirgin sama da yaronsu ɗan shekara 1 da rabi. Sai ya tambaya ko akwai wata dabara da ake yi wa yaro don kada ya hana mutane sakat. Kafin ya rufe baki mutum uku sun ba shi amsa iri ɗaya: ka biya kemis ka sayi maganin mura na ruwa, ka ɗura masa cokali guda kafin ku shiga, sai dai a tashe shi a Kano. Aka yi dariya. Ni ban yi ba, domin na taɓa bin wannan shawarar, kuma har yau in na tuna sai in ji kunyar kaina.

A watan Disamba na 2021 ne, za mu bikin ƙanwar maiɗakina. Autarmu a lokacin tana da shekara 1 da wata 8, tana ganiyar ƙiriniya, irin lokacin nan da yaro ya gano cewa yana da ƙafa kuma ba ya son kowa ya ɗauke shi. Tikitinmu ya nuna za a tashi ƙarfe 11 na safe. Ni kuwa da lissafina na ɗan kasuwa, ƙarfe 10 da rabi na ba ta maganin a filin jirgin Murtala Muhammed, na ce daidai lokacin da za mu zauna barci zai kwashe ta. Abin da ban sa a lissafi ba shi ne hazo. Duk wanda ya saba zuwa Kano a hunturu ya san in hazo ya sauka, jirgi ba ya tashi sai hanya ta washe. Aka ce a jira awa ɗaya, aka ƙara ɗaya, ba mu tashi ba sai bayan La'asar.

Maganin kuma bai sa ta barci ba. Sai ma ya zama kamar an kunna ta. Ta yi ta zagaye tana faɗuwa, idanunta sun yi ja, in an ɗauke ta ta banƙare, in an ajiye ta ta fasa ihu. Sai wajen ƙarfe 2 ta ɓingire a kafaɗar uwarta, wato ta yi barcin nata tun a ƙasa, ta farka daidai lokacin da ake kiran mu shiga, jiki a mace, rai a ɓace. Awa ɗaya da rabi ce tafiyar, amma wallahi na ji ta fi mini tsawo a kan tafiyar bas ta dare da muke kwana a hanya.

Da jirgi ya fara sauka kukan ya canza, ya zama irin na ciwo, tana ta jan kunnenta. Wata dattijuwa Bayerabiya da ke zaune a bayanmu ta taɓa kafaɗata, ta ce da ƴar Hausarta ta kasuwa: "Malam, ba rigima ba ne, kunne ne. Ka ce mamanta ta ba ta nono." Maiɗakina tana jin nauyin mutane, ni ma ina ji, amma ta ja hijabinta ta rufe ta. Ba a yi minti biyu ba yarinya ta yi tsit. Na juya na ce, "Mama, mun gode, Allah Ya saka da alheri." Ta ce ita ma ta yi renon shida.

Daga baya na nemi sanin abin da ya faru. Akwai wata ƴar siririyar hanya da ta haɗa cikin kunne da bayan maƙogwaro, ita ce ke daidaita iskar cikin kunne da ta waje. Iskar cikin jirgi idan ya yi sama tana zama kamar ta kan dutse mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400, to in ya zo sauka sai nauyin iskar ya ƙaru ya danne fatar dodon kunne. Babba zai haɗiyi yawu ko ya yi hamma, hanyar ta buɗe, ya ji kunnensa ya yi ɗas. Ta yaro ƙanƙanuwa ce, saurin toshewa gare ta, balle in yana da mura, kuma bai san ya haɗiya da gangan ba. Shi ya sa nono, ko ruwa a fida, ko kunu mai ruwa-ruwa ke aiki: haɗiyar ce maganin. Ga kuma inda shawarar majalisa ta fi cutarwa. Yaron da magani ya kwantar ba ya yawan haɗiya, sai ya farka a tsakiyar sauka kunnensa na zogi, ga maye bai sake shi ba.

Da na ba wani aminina likita labarin ina raha, bai taya ni ba. Ya ce, "Alhaji, Allah ne Ya kiyaye ka." Shi ya sanar da ni cewa irin waɗannan magunguna masu sa barci, a jikin wasu yara akasin haka suke yi, su tayar musu da hankali, kamar yadda na gani da idona. Abin da ya fi wannan tsoro shi ne numfashi. Akwai wanda ake kira promethazine, da yawanmu mun san shi a matsayin maganin amai. Tun shekarar 2004 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sa aka rubuta gargaɗi mafi tsanani a jikinsa cewa kada a ba yaron da bai kai shekara 2 ba, domin yana iya danne numfashi har a rasa rai. A 2008 kuma ta ce magungunan tari da mura da ake saye ba tare da takardar likita ba, su ma kada a ba ƴan ƙasa da shekara 2. To ka duba fa, a sararin sama, babu asibiti, babu inda za a tsaya. Kuma mu da muke zaune a ƙasar nan a ƙarshen 2008 ba mu manta da maganin haƙorin nan na yara da aka haɗa a nan Legas ba, wanda ya gurɓace da guba ya kashe yara fiye da 80. Na san wancan matsalar gurɓata ce, ba ta barci ba, amma ya isa ya koya mana cewa cokalin magani ba abin da za a ɗura wa yaro mai lafiya ba ne don kawai manya su samu sukuni.

Wani zai ce to mene ne mafita, a bar shi ya yi ta tsala ihu? A'a. Tun daga wancan karon mun hau jirgi da ita da ƙaninta ya fi sau shida, kuma ga abin da na gani yana aiki.

Babban yaƙin a ƙasa ake yin sa, ba a sama ba. Kuskuren da muke yi shi ne mu matse yaro a cinya tun daga gida, cikin gosulon Ikeja, cikin layin awon kaya, cikin zauren jira, sannan mu yi mamaki in ya ƙi zama a jirgi. Yanzu da zarar mun wuce wurin bincike sai in sauke shi in bi shi a baya. Mu je wancan bango mu dawo, mu tsaya a gilashi mu ƙirga jirage, mu kalli motar da ke jan akwatuna. In an yi jinkiri na awa uku, to mun yi tafiyar awa uku ke nan. Mutane za su kalle ka, babban mutum da babbar riga yana bin ɗan tatsitsi, su kalla mana. Yaron da ya gaji da ƙafarsa, ƙugin injin jirgi kaɗai ya isa ya yi masa shimfiɗa. Kuma ba na rububin shiga da wuri. Maiɗakina ta shiga da jaka ta gyara wuri, ni da yaro mu zo a ƙarshen layi.

Kayan wasa kuwa, na daina sayen masu tsada. Na taɓa sayen wata mota mai fitila da jiniya, minti biyar ta yi a hannunsa ta gangara ƙarƙashin kujeru, ba mu sake ganinta ba sai da kowa ya fita. Abin da ya fi riƙe hankalin ɗan shekara 2 shi ne abin buɗewa da rufewa, da abin zubawa da kwashewa. Tsohuwar jakar hannu ta uwarsa mai zif uku, a saka murfin robobi manya da cokalin roba da ɗan madubin roba a ciki, ta fi motar nan sau goma. Sai ƙaramin littafi mai hotunan dabbobi, da takarda da fensir mai kala. Sirrin shi ne kada ya ga kayan gaba ɗaya. Ɗaya bayan ɗaya ake fito da su, in ya gaji da wannan a ɓoye a ɗauko wancan. In sun ƙare akwai takardar bayanin tsaro da ke aljihun kujera, wadda ɗana ya fi so a kan duk abin da na saya masa, akwai labulen taga, akwai yatsun hannuna da nake mayarwa Gizo da Ƙoƙi.

Abinci ma wasa ne, in dai a ƙanana ake miƙa shi. Biskit a gutsuttsura, ayaba, dabino mai laushi da aka cire ƙwallon aka yayyanka. Amma don Allah ban da gyaɗa, ban da aya, ban da alawa mai tauri. Na sha jin ana cewa a ba yaro alawa ya tsotsa saboda kunne. Wannan na yaron da ya yi wayo ne. Ɗan shekara 2 in jirgi ya yi girgiza da alawa a bakinsa, shaƙewa zai yi. Ruwan shansa kuma a rage masa na sauka, kada ya shanye tun a sama. Daga lokacin da aka ce a ɗaura bel za a fara sauka, akwai kusan minti 20 zuwa 30, to nan ne ake buƙatar fidar.

Batun waya, ba zan yi muku ƙarya ba, ina ba shi. Na san Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ce ɗan ƙasa da shekara 2 bai kamata a zaunar da shi gaban allo ba, daga 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini. Amma tsakanin minti 15 na katun da cokalin magani, ai ba a ma haɗa su. Ni dai ita ce makamina na ƙarshe, ba na farko ba, domin in ka fara da ita babu abin da zai ƙara burge shi, kuma ranar da caji ya ƙare a zauren jira za ka gane kurenka. A sauke abin kallon tun daga gida, a kuma kashe ƙarar, jama'a ba su biya kuɗi don su ji ta ba.

Yanzu bari in taɓo mu maza, ko da za a ce na tona asiri. Duk abin da na lissafa a sama aikin hannu ne, yana son mutum biyu. Abin da na saba gani shi ne maigida ya zauna a bakin hanya, ya kafa hula, ya rufe ido kamar ba tare suke ba, ita kuwa ga yaro, ga jaka, ga mayafi na zamewa, ga idon mutane. In kukan ya yi yawa sai ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Ki rarrashe shi mana." Ni ma haka na yi a 2021, kuma in za a faɗi gaskiya maganin da na saya don kaina na saya, don kada a ce ɗiyar wane ce ke damun mutane. A gida akwai kaka, akwai gwaggo, akwai ƴan'uwa da za su karɓe ta. Mu da muka zo Kurmi neman abinci, yawancinmu ba mu da waɗannan a kusa. In ba ka karɓi yaron nan ba, babu mai karɓa.

Su kuma fasinjojin da ke tsaki suna waiwaye, ina da ƴar magana da su, musamman namu. Waɗanda suka hau jirgin ƙasa daga Iddo zuwa Kano bayan an dawo da shi a ƙarshen 2012 sun san yadda ake yi: tafiyar fiye da yini guda, yaro ya bi hannu goma kafin a kai Ilori, wannan ta goya, wancan ya saya masa rake. Haka a bas ɗin dare. Ba mu taɓa jin wani ya ce a sauke mai jariri ba. To me ya sa da mun hau jirgin sama sai mu ari halin da ba namu ba, kowa ya ɗaure fuska kamar an aiko masa da sammaci? Kuɗin tikiti bai soke maganar nan ta ɗa na kowa ne ba. Wannan tsakin shi ne ke tura iyaye kemis. Dattijuwar nan da ba ta san mu ba, ba yarenmu ɗaya ba, da ƴan kalmomi ta yi abin da ƴan garinmu da ke cike da jirgin ba su yi ba.

Ƙanin namu na majalisa na same shi washegari a shagonsa. Ya riga ya sayi kwalbar, tana cikin leda a kan kanta. Na ce ya ba ni, na kuma ce ya gaya wa maiɗakinsa ta nemo tsohuwar jaka mai zif, kuma in yaron na da mura ko ciwon kunne su fara ganin likita kafin ranar tafiya. Ya ce, "Yaya, in ya yi kuka fa?" Na ce zai yi, ka tashi ka karɓe shi. Jirginsu na ranar Talata ne, kwalbar kuma tana nan cikin durowata ban buɗe ba.