Ciwon Sukari Da Jijiyoyin Jini

 Zancen kimiyya na yau a kan ciwon sukari ne, da abin da masana na birnin New York a ƙasar Amurka su ka gano game da shi.

Mutane da yawa sun ɗauka ciwon nan bai wuce ƙishirwa da yawan fitsari da rama ba, in waɗannan sun lafa sai a ce an warke. Wannan kuskure ne babba, gama mafi munin ɓarnarsa cikin jijiyoyin jini ya ke yinta, inda ido ba ya gani.

Ga yadda abin ya ke. Cikin jini akwai waɗansu ƙwayoyi ƙanana ainun, waɗanda za a iya kira ƙwayoyin toshiya. Ɗigon jini kamar kan allura ya na ɗauke da 150,000 zuwa 400,000, kowace kuwa kwana 8 zuwa 10 ta ke yi a raye. In mutum ya yanke, su ke taruwa su manne da juna su tsai da jini. Jijiya mai lafiya, shimfiɗar da ke cikinta ta kan fid da wani sinadari mai hana su mannewa ba dalili. To, in sukari ya daɗe da yawa cikin jini, shimfiɗar nan ta kan yi kaushi, sinadarin ya ragu, ƙwayoyin kuma su ƙara danƙo. Sai gudan jini ya toshe hanya. In a zuciya ne, zuciya ta buga. In a ƙwaƙwalwa ne, ɓarin jiki ya shanye. In a ƙafa ne, gyambo ya ƙi warkewa har a yanke ta.

Cikin 1968 wani likita mutumin Iran, Samuel Rahbar, ya ga wani irin himogulobin, watau abin da ke sa jini ja, ya yi yawa ga masu ciwon sukari, ya zo Kwalejin Likitanci ta Albert Einstein a New York ya ci gaba da bincike. Cikin 1976 Anthony Cerami da abokan aikinsa na Jami'ar Rockefeller su ka nuna awon wannan abu, mai suna A1c, ya na bayyana yadda sukari ya kasance cikin jini wata 2 zuwa 3 da su ka wuce. Cikin 2006 hukumar lafiya ta birnin ta wajabta wa ɗakunan gwaji su riƙa kai mata sakamakon awon.

Abin koyi ke nan. Jin daɗin jiki ba shaida ba ne, awo shi ne shaida. Ya kamata hukumomin lafiya na Kano da Sakkwato da Maraɗi su kai awon nan har asibitocin ƙauye, a kan kuɗin da talaka zai iya biya.

Wani zai ce, tun da asfirin na rage danƙon ƙwayoyin toshiya, ga shi da araha, me zai hana kowa ya sha? An gwada. Cikin 2018 Jami'ar Oxford ta Ingila ta bayyana gwajin mutum 15,480 masu ciwon sukari waɗanda ba su taɓa ciwon zuciya ba. Asfirin ya rage toshewar jijiyoyi da kashi 12 cikin 100, amma ya ƙara mummunan zubar jini da kashi 29. Saboda haka kada a sha sai likita ya ce.

Mai ciwon sukari ya auna A1c da hawan jini a kan kari, ya bar taba, ya yawaita tafiya da ƙafa, ya duba tafin ƙafarsa kullum, kada kuma ya bar magani don ya ji sauƙi. Rigakafi dai ya fi magani.

Sai wani makon, in Allah ya kai mu. A huta lafiya.