Muƙabala a Zamanin Git: Wajabcin Duba Abin da Haɗa Rassa ya Shigar Cikin Matani

Malaman da suka gādar wa Hausa rubutun ajami ba sa amincewa da kwafin littafi sai an yi masa muƙabala, wato an karanta shi layi-layi ana gwada shi da asali. Wannan ladabi ya kamata ya bi manazarta zuwa kwamfuta, musamman masu haɗa gwiwa wajen tace ƙamus ko juya waƙoƙi daga ajami zuwa boko ta amfani da Git, manhajar adana tarihin sauye-sauye da Linus Torvalds ya ƙirƙiro a 2005.

A wannan manhaja, kowane mai tacewa kan yi aiki a reshensa, daga baya a haɗa rassan. Wurin haɗin nan ne hatsarin yake. Umarnin `git log -p`, wanda ke baje sauyin kowace ajiya, bisa al'adarsa ba ya nuna sauyin da ke cikin ajiyar haɗi. Shi kuwa `git show` yakan tsallake duk gurbin da sakamakon haɗin ya yi daidai da ɗaya daga cikin rassan biyu. A ɗauka wani ya rubuta "ƙafa", abokin aikinsa ya rubuta "kafa" a layi guda, mai haɗawa kuma ya zaɓi na biyun. Lanƙwasar ƙ ta salwanta, ma'anar baiti ta sauya, allon kwamfuta kuwa bai ce uffan ba.

Maganin ba shi da wuya. Idan M ce ajiyar haɗin, `git diff M^1 M` zai bayyana duk abin da ya shigo cikin babban reshe. Tun daga Git 2.36 na shekarar 2022 kuma, `git show --remerge-diff` yana nuna yadda mai haɗawa ya warware kowane saɓani da hannunsa.

Wasu za su ce wannan aikin masu fasahar kwamfuta ne. Sai dai zaɓi tsakanin karatu biyu hukunci ne na ilimi, kuma manazarcin da sunansa ke kan aikin shi zai amsa tambaya a kansa. Rumbun kalmomin da aka gurɓata a ɓoye zai yaɗa kuskurensa cikin ƙamusoshi, kundayen digiri da manhajojin fassara. Don haka ya dace sassan Hausa na jami'o'i su shar'anta cewa kada a karɓi wani haɗi sai mutum na biyu, wanda ya san harshen, ya yi masa muƙabala.