Wanda Ya Raina Gajere: Kyle Hines da Ƙaryar "Bai Kai NBA Ba"

Akwai wata jimla da masu sharhin ƙwallon kwando a Amurka suke rufe labarin ɗan wasa da ita idan sun gaji da shi: "daga nan sai ya tafi ƙetare." Yadda suke faɗarta, kai ka ce sanarwar rasuwa ce. Sauran duniya kuma ta ɗauki wannan ma'auni ba tare da ta tambayi wanda ya ƙera shi ba, har ya zama duk ɗan wasan da bai sa rigar NBA ba ana lissafa shi cikin waɗanda suka fāɗi. Wannan hukunci ne na malalata, kuma rayuwar Kyle Hines kaɗai ta isa ta rushe shi.

An haifi Hines a 1986, ya tashi a jihar New Jersey. Daga 2004 zuwa 2008 ya yi wa Jami'ar North Carolina da ke Greensboro wasa, makarantar da ba ta cikin manyan da gidajen talabijin ke rububin nunawa. A shekaru huɗun nan ya zura maki sama da 2,000, ya cafke ƙwallon da ta dawo daga kwando sama da sau 1,000, ya kuma doke harbin abokan hamayya sama da sau 300. Waɗanda suka riga shi haɗa waɗannan alƙaluma uku a babban rukunin jami'o'in Amurka 'yan ƙalilan ne, kuma cikinsu akwai David Robinson da Alonzo Mourning da Tim Duncan. Duk da haka, da aka zo zaɓen sababbin 'yan wasa na NBA a 2008, an kira sunaye 60, babu nasa.

Laifinsa ɗaya ne. Tsawonsa mita 1.98, alhali aikinsa a ƙarƙashin kwando yake, wurin da aka saba ajiye mutanen da suka kai mita 2.10 ko suka wuce. Masu farautar 'yan wasa sun duba ma'aunin tsawo, suka rufe fayil. Ba su auna faɗin ƙirjinsa ba, ko saurin ƙafarsa, ko yadda yake karanta inda ƙwallo za ta tun kafin a jefa ta, domin waɗannan ba sa shiga takardar gwaji.

Sai ya nufi Veroli, wani ƙaramin gari a Italiya, a gasar rukuni na biyu. Shekara biyu ya yi a can. A 2010 ya koma Bamberg ta Jamus, suka ci kofin ƙasar, aka zaɓe shi gwarzon wasannin ƙarshe. A 2011 Olympiacos ta Girka ta ɗauke shi, a daidai lokacin da ƙungiyar ta zaftare kasafinta saboda halin da tattalin arzikin ƙasar ya shiga, manyan taurarinta suka watse.

A nan ya kamata mai ganin cewa wasan Turai wasan yara ne ya tsaya ya duba. A watan Mayun 2012, a Istanbul, Olympiacos ta haɗu da CSKA ta Mosko a wasan ƙarshe na EuroLeague, gasar da ta fi kowace girma a nahiyar. CSKA tana da kuɗi, tana da Andrei Kirilenko wanda ya shafe shekara goma a NBA. Ta yi gaba da tazarar maki 19 a kashi na uku na wasan. Olympiacos ta farfaɗo, Georgios Printezis ya jefa ƙwallon da ta raba gardama saura ƙasa da daƙiƙa ɗaya, aka tashi 62 da 61. Shekara ta zagayo, a Landan, suka doke Real Madrid 100 da 88, bayan su ma an fara barinsu a baya da tazara mai yawa. A duka biyun, Vassilis Spanoulis ne ya ɗauki kyautar gwarzo, kuma ya cancanta. Amma duk wanda ya kalli wasannin ya san wane ne yake tare ƙattai a ƙarƙashin kwando, ya kuma fito ya tsare masu gudu a waje ba tare da an wuce shi ba.

CSKA ba ta yi gardama da abin da idonta ya gani ba: ta ɗauke shi a 2013. Ya ci mata EuroLeague a 2016 da 2019. Kofi huɗu ke nan. Sau uku ana zaɓensa gwarzon mai tsaron baya na gasar, a 2016 da 2018 da 2022, na ƙarshen yana da shekara 35, yana wasa a Olimpia Milano.

Masu kare tsohon ma'auni suna da hujja, kuma bai kamata a yi kamar ba su da ita ba. Suna cewa NBA ce ƙololuwa, a can kuɗi suke, a can gwanaye suka taru. Gaskiya ne. Albashin Turai bai kama ƙafar na NBA ba, kuma rayuwar ƙetare ba hutu ba ce: kwantiragin shekara guda, ƙungiyoyin da kan jinkirta biyan albashi, harshen da mutum bai sani ba, koci da zai iya sallamar baƙo bayan wasa uku marasa kyau. Da yawa daga cikin Amurkawan da suka tafi ba su zama Hines ba, sun yi yawo daga ƙasa zuwa ƙasa har gwiwa ta gaza.

Sai dai amincewa da cewa NBA ce ta fi ƙarfi daban ne, cewa duk abin da ke wajenta faɗuwa ce kuma daban. Ƙungiyoyin NBA 30 ne, kowace da cikakkun gurabe 15, wato 450 ga duniya baki ɗaya. Jami'o'in babban rukuni a Amurka sun haura 350, kowace tana yaye 'yan wasa duk shekara. Ma'aunin da zai ce kusan dukkansu sun fāɗi ba ya auna gwaninta, ƙuncin ƙofa yake aunawa. Bugu da ƙari, wasan ma ba iri ɗaya ba ne. A Turai minti 40 ake yi, ba 48 ba, babu dokar da ta hana mai tsaron baya dasa ƙafa a ƙarƙashin kwando, wasannin kaka ba su da yawa, don haka kowane ɗaya yana da nauyi. Akwai 'yan wasan da suka yi suna a NBA suka je can suka kasa kataɓus, amma ba a taɓa jin an ce sun "kasa kaiwa EuroLeague" ba.

Abin dariyar ma, ita kanta NBA ta daɗe da daina yarda da wannan raini, masu sharhinta ne kawai ba su ji labari ba. Luka Dončić ya zama gwarzon EuroLeague a 2018 kafin ya taka Dallas. Daga 2019 zuwa 2025, duk wanda ya ɗauki kyautar gwarzon NBA a wajen Amurka aka haife shi. A gasar cin kofin duniya ta 2023, Jamus ta fitar da Amurka a wasan kusa da na ƙarshe da ci 113 da 111, kuma wanda ya fi kowa zura mata maki a ranar, Andreas Obst, a Bayern Munich yake wasa, bai taɓa buga NBA ba.

Hines ya yi ritaya a 2024, bayan ya ci kofin Italiya karo na uku a jere da Milano. Ya shafe shekara 16 yana wasan ƙwararru a ƙasashe huɗu. A kundin ƙididdigar NBA kuwa, ko layi ɗaya babu da sunansa.