Kafin ka yi sha'awar salak ɗin TikTok, ka san lansir?

Idan kana yawan leƙa TikTok ko Instagram, da wuya a ce ba ka taɓa cin karo da irin bidiyon nan ba: farin kwano, hannu mai tsafta, a zuba wani koren ganye mai ƙananan kunnuwa, a yayyanka tuffa a kai, a watsa almon da cuku, a ɗiga mai da zuma, kiɗa na tashi a hankali. A ƙasa kuma 'yan uwanmu na ta sharhi: "Kai, Turawa sun iya cin daɗi", "Mu dai sai tuwo", "Allah Ka ba mu kuɗi". Ganyen nan shi Turawa ke kira wotakires. Abin da ke ba ni dariya, wani lokaci kuma haushi, shi ne da yawa daga masu wannan sharhi sun wuce ɗan uwansa a bakin kasuwa da safe, an ɗaure shi ƙulli-ƙulli ana yayyafa masa ruwa, ko kallonsa ba su yi ba. Lansir nake nufi.

Ba kamanceceniya kawai ba ce. Lansir da wotakires 'yan gida ɗaya ne, dangin kabeji, shi ya sa dukkansu suke da ɗan yajin nan da ke tsikarar harshe ya hau hanci. Bambancin, na Turawa a cikin ruwa mai gudu yake girma, namu kuma a lambu, lokacin sanyi. A 2014 wata mujallar hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta buga wani nazari da ya jera ganyaye da 'ya'yan itatuwa 41 bisa yawan sinadaran gina jiki da ke cikinsu, wotakires ya zo na ɗaya da maki 100. Daga nan ne kasuwarsa ta ƙara buɗewa a intanet. Namu lansir ɗin ba wanda ya yi masa talla, amma shi ma cike yake da bitamin A da C da K.

Kuma salak ɗin ma ai muna da shi tun kafin a haifi wanda ya ƙirƙiro TikTok. Sunansa kwaɗo, wasu su ce ɗatu. Kwaɗon zogale, kwaɗon rama, kwaɗon tafasa, kwaɗon lansir. Mutanen Yamai suna da nasu na zogale da suke kira kopto. Duba tsarin da kyau: ganye, sai wani abu mai ɗan tsami, sai gyaɗa a siffar ƙuli-ƙuli, sai mai. Haka na bidiyon yake, ba ƙari ba ragi. Abin da ya rage mana shi ne 'ya'yan itace, kuma a nan ne nake ganin ɗan Jibia ba shi da uzuri ko kaɗan.

Ka shiga kasuwar Jibia ranar Lahadi ka duba abin da ƙasashe biyu suke ajiyewa a gabanka. Maraɗi ta fi Kano kusa da kai nesa ba kusa ba, daga Magama ka tsallaka sai Ɗan Isa. Jihar Maraɗi ita ce cibiyar noman aya a Nijar. Albasar Galmi sunanta ya zagaye Afirka ta Yamma. Dabino yana gangarowa daga arewa ta hanyar Agadas, cukun Buzaye da Fulani ma ta can yake zuwa. Daga ɓangarenmu ga gyaɗa, ga riɗi, ga tumatir da sauran kayan lambu na masu noman rani a kewayen dam ɗin Jibia, ga gwaiba da lemo da kankana, mangwaro kuma idan lokacinsa ya yi har sai an gaji da shi. Tuffar da kake hange kuwa, mafi yawanta daga waje ake shigo da ita, daga irin su Afirka ta Kudu, ta sha jirgin ruwa da sanyin firji kafin ta iso teburin mai kayan marmari. Kuɗin da za ka ba da a kan guda biyu, ka gwada kai shi wurin mai lansir ka gani.

Na san abin da wani zai ce, kuma yana da gaskiyarsa: ana fama da yunwa da 'yan bindiga, kai kana maganar salak? Ba wanda ke zaune a Jibia da za a ba labarin wahala. An rufe iyaka a watan Agustan 2019, ta Jibia ba a buɗe ba sai Afrilun 2022. Ba a gama farfaɗowa ba aka yi juyin mulki a Nijar ranar 26 ga Yulin 2023, aka sake garƙamewa har zuwa Maris ɗin 2024. Manoma da yawa sun bar gonakinsu na nesa da gari saboda tsoro. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 ne suka rasu a cibiyoyinta na jihar Katsina saboda tamowa a watanni shida na farkon 2025. Kwanon kwaɗo ba zai magance wannan ba, aikin gwamnati ne, kuma dole a ci gaba da yi mata magana.

Sai dai ni a wurina wannan halin ne ma ya sa maganar ta zama dole. Lokacin da kuɗi ya yi ƙaranci, abin da ake fara cirewa daga kwano shi ne ganye da 'ya'yan itace, a bar tsurar shinkafa ko taliya da mai da yaji. Ciki ya cika, jiki bai samu komai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum na buƙatar aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a kullum. Tsakaninka da Allah, jiya nawa ka ci? Kai da ke da kuɗin data da lemon kwalba ba ka cikin waɗanda suka rasa yadda za su yi. Kunya ce kawai ke hana ka, don an sa maka a rai cewa kwaɗo abincin ƙauye ne, na tsofaffi da matan aure masu kwaɗayin rana. Ke kuma 'yar uwa, idan baƙi za su zo sai ki haɗa kabeji da latas ki tuttula musu bama har ganyen ya nutse, wai shi ne na 'yan gayu. Ba haramun ba ne, amma rabin abin da ke cikin kwanon nan mai ne.

To ga yadda nake ganin ya kamata a gwada. Ki samu lansir ƙulli biyu ko uku, wanda bai yi yaushi ba. Ki yanke saiwar, ki tsince. Sai wanki, kuma a nan zan ɗan tsaya, don nan ne wurin da ake wasa da rai. Ɗanyen ganye ba ya hawa wuta, duk abin da ke jikinsa cikinki zai tafi. Ba ki san ruwan da aka yi ban-ruwa da shi ba, ba ki san wanda mai sayarwa ya yayyafa ba. A 2021 kwalara ta kama mutum fiye da dubu ɗari a Najeriya, Katsina na cikin jihohin da abin ya fi shafa, Maraɗi ma ba ta tsira ba. Saboda haka ki wanke hannunki da sabulu tukuna, sannan ki wanke ganyen sau uku da ruwan da kin yarda ki sha shi, in da shakka ki tafasa ya huce. Jiƙawa a ruwan gishiri ko khal yana taimakawa, amma ba ya mayar da gurɓataccen ruwa mai tsafta. Wuƙar da aka yanka ɗanyen nama da ita kar ta taɓa shi. Kuma kar wani ya ga ganye mai kama da na bidiyo a bakin tafki inda shanu ke shan ruwa ya tsinko. Ko a Turai, wotakires ɗin daji an san shi da ɗauko tsutsar hanta daga dabbobi.

In ganyen ya tsane, ki yanka shi ba ƙanana sosai ba. Albasa siriri-siriri, tumatir ɗaya ko biyu. 'Ya'yan itace kuma ki bi lokaci: da sanyi, lokacin da lansir ya fi yawa, ɓawon lemon zaƙi ki cire ki sa tsokar, ko gwaiba wadda ba ta yi luguf ba. In zafi ya fara shigowa kuma har yanzu ana samun ganyen, mangwaro mai ɗan tauri ya fi komai dacewa da yajin lansir. Dabino uku ko huɗu, a cire ƙwallon a yayyanka, sun isa su maye gurbin zuma. Soyayyar gyaɗa ki ɗan farfasa, kar ki daka ta yi gari, don a ji ta a haƙori. Duk ƙwayar da ta yi baƙi, ko funfuna, ko ɗaci, ki zubar, irin wannan ce ke ɗauke da gubar da ke lalata hanta. Riɗi cokali ɗaya. In akwai cuku, ki ɗan gasa ki marmasa a kai, a nan ne za ki gane Buzaye sun daɗe da sanin abin da suke yi. Aya tana da tauri, sai an jiƙa ta ta kwana, in ba haka ba ki bar ta a ci daban.

Mahaɗin ba wani abu ba ne: ruwan lemon tsami, man gyaɗa cokali biyu, gishiri kaɗan, garin ƙuli-ƙuli, yaji in kina so. Lemon tsamin ba don ɗanɗano kawai ba ne, bitamin C da ke cikinsa yana taimaka wa jiki ya ɗauki sinadarin ƙarfe daga ganye, abin da 'yan mata da masu ciki suka fi kowa buƙata saboda ƙarancin jini. Man kuma shi ke sa jiki ya amfana da bitamin A da K. Kakanninmu ba su san waɗannan sunaye ba, amma ba su taɓa yin kwaɗo babu mai ba. Kar a zuba mahaɗin sai an zo ci, in ba haka ba ganyen zai kwanta ya saki ruwa. Kuma ba abin ajiya ba ne, balle a garin da wutar lantarki sai ta ga dama.

Samari, kar ku ce wannan na mata ne. Ba tukunya, ba hura wuta, ba hayaƙi. Wanda ya iya haɗa shayi a majalisa ya iya wannan. Masu neman sana'a kuma su lura: a Katsina da Kano akwai masu sayar da haɗin salak a roba ta WhatsApp, kuma suna samun ciniki. Ban ga abin da zai hana a yi haka da lansir da dabino da gyaɗa ba, in dai an riƙe tsafta, an kuma rubuta sunansa na gaskiya a jiki.

Wanda kuma bai yarda da ruwan kasuwa ba, lansir na daga cikin ganyayen da suka fi saurin fitowa. Tsohon baho da ya fashe, a cika shi da ƙasa da ɗan taki, a watsa iri, a ajiye inda rana ba ta dukansa yini guda, a riƙa yayyafa ruwa safe da yamma. Cikin 'yan kwanaki zai tsiro, mako biyu zuwa uku an fara yanka. Irin ana samunsa wurin masu sayar da irin kayan lambu. Kaji ne kawai matsala, sai a kifa masa tsohon gidan sauro.