Ra'ayinmu: Goro da Karatun Dare

Jarrabawa ta ƙarato, ga ɗakunan karatu cike har asuba, kowa da goronsa a aljihu. Wanda ya kwanta kuwa sai a kira shi malalaci. Mu kam ba mu yarda da wannan al'ada ba.

Tun a 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya gwada kansa da hadda, ya gano cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko bayan karatu, kuma bitar da aka rarraba cikin kwanaki ta fi zama a ka bisa wadda aka ɗura dare ɗaya. A 1924 Jenkins da Dallenbach na Jami'ar Cornell a Amurka suka nuna cewa ɗalibi ya fi tuna haddarsa in ya yi barci bayanta. Ashe barcin da muke rainawa shi ke ɗaure karatun! Sinadarin goro kuwa, rabinsa na nan cikin jini bayan kamar awa 5, don haka goron magariba yakan hana barcin kirki.

Muna kira ga Ƙungiyar Ɗalibai da ta shirya zaman bita na awa ɗaya kullum bayan la'asar, tun daga makon farko na zango, ta kuma roƙi hukuma a riƙa fitar da jadawalin jarrabawa da wuri.