Kuɗin Leda: An Yi Wa Ƙananan Kuɗi Sulke, An Bar Masu Shan Wahala

A ranar 28 ga Fabrairun 2007, zamanin Farfesa Charles Soludo, Babban Bankin Nijeriya ya fitar da naira ashirin ta leda, mai hoton Janar Murtala a gaba da na Ladi Kwali, shahararriyar maginiyar tukwanen ƙasar Abuja, a baya. A watan Satumban 2009 naira biyar, goma da hamsin suka bi sahu. Daga ɗari zuwa dubu kuwa, har yau takardar auduga ce.

Hujjar da aka kafa a lokacin ba ta da makusa. Leda ba ta shan ruwa, gumi ko manja, ba ta yagewa da sauƙi, kuma 'yar tagar nan da ake hango haske ta cikinta tana ba masu buga jabu wahala. Ostireliya ce ta fara a 1988, Kanada ta biyo a 2011, Ingila a 2016.

Sai dai a nan ledar ba ta yi farin jini ba. Da yake tawada a samanta take zama, ba ta ratsa ta, murtala kan koɗe har sai an ɗaga ta a rana kafin a gane ta, kuma duk mai tuyar ƙosai ta san yadda take ƙanƙancewa da ta ji wuta. Ga zargin ba da cin hanci a ƙasashe da dama da ya dabaibaye Securency, kamfanin Ostireliya mai samar da ledar, tun 2009. A 2013 bankin ya bayyana aniyar komawa takarda, amma har yanzu ledar ce a hannun jama'a.

Duk da haka, jaridar nan na ganin babban kuskuren yana wani wuri. An yi wa ƙananan kuɗi sulke ne saboda su suka fi yawo, amma tsadar rayuwa ta riga ta yi musu ritaya. Naira biyar da goma ba sa sayen ko alawa. Waɗanda ke shan wahalar canji a yau su ne ɗari, ɗari biyu da ɗari biyar. Duk wanda ya leƙa Kasuwar Wuse ko tashar Nyanya da yamma ya ga yadda ake sa-in-sa tsakanin kwandasta da fasinja a kan naira ɗari da ta yi laushi kamar tsumma, an liƙe ta da salatif. Talaka ne ke asara, domin shi ake tura wa ita, shi kuma ake ƙi karɓa daga hannunsa. Sauyin fasalin da aka yi a Disamban 2022 dama ce ta gyara wannan, amma aka tsaya ga canza launi.

Ya kamata Babban Banki ya fito ya faɗa wa 'yan ƙasa nawa ake kashewa wajen buga kowane nau'i, da kuma tsawon lokacin da yake yi kafin ya mutu. In lissafin ya goyi bayan leda, a gwada ta a kan ɗari da ɗari biyu, da tawadar da za ta jure zafin ƙasar nan, a ba da kwangilar a bainar jama'a, a kuma buga a kamfanin buga kuɗi na ƙasa da ke Abuja da Legas. Kafin nan, a tilasta wa bankuna karɓar yagaggun kuɗi a kanta ba tare da wulaƙanta mai su ba.